Addu'ar da Kirista ke yi wa shugabanni: asalinta da yadda ake yin ta

Duk wanda ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, ya saba jin lasifikar coci ranar Lahadi ana ambaton shugaban ƙasa da gwamna. Wasu 'yan uwanmu kan ɗauka kamfen ne, musamman in zaɓe ya ƙarato. To ba haka abin yake ba, shi ya sa na ga ya dace in ɗan yi bayani, tunda da mutanen nan muke kwana muke tashi, da su muke ciniki a kara da kasuwa.

Asalin wannan addu'a yana cikin Littafi Mai Tsarki. A wasiƙar farko da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti, sura ta 2, ya umarci mabiya su yi wa sarakuna da duk masu riƙe da iko addu'a, domin jama'a su zauna lafiya. Ku lura fa, a lokacin sarakunan Rum ke mulki, masu bautar gumaka, waɗanda har tsananta wa Kirista suka yi. Kenan ba sai shugaba ya zama naka ba kafin ka yi masa addu'a. Haka kuma a littafin Irmiya, sura ta 29, an ce wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila su roƙa wa garin da suke baƙunta zaman lafiya, don lafiyar garin ita ce tasu. Mu mazauna Kudu mun fi kowa gane wannan magana.

Kowace ɗarika da salonta. A cocin Katolika, duk sujadar Mas sai fada ya ambaci sunan Paparoma da na bishop ɗin yankin, sannan a addu'ar jama'a akan sa masu mulki. Ranar Juma'ar da ke gaban Ista kuwa akwai jerin addu'o'i na musamman, ciki har da ta masu riƙe da muƙaman gwamnati da ta waɗanda ba Kirista ba. 'Yan Angilikan sun gaji tsarin daga littafin addu'arsu na Ingila na 1662, wanda ya ƙunshi addu'ar sarki da ta malaman coci. A nan gida sai a sa shugaban ƙasa da gwamna. Su kuma cocin Fentikos ba su cika bin rubutacciyar addu'a ba: fasto ya faɗi abin da za a roƙa, kowa ya ɗaga murya. Direbobin tirela da ke bin hanyar Legas zuwa Ibadan sun san cunkoson taron wata-wata na sansanin Redeemed.

Abin da akan roƙa wa shugabannin coci shi ne gaskiya, haƙuri da tsari daga son abin duniya. Na gwamnati kuwa hikima, adalci da tsoron Allah. Wani lokaci ma addu'ar kan zama jan kunne. A 1995, zamanin Janar Abacha, bishop-bishop na Katolika suka tsara addu'a ta musamman don Najeriya da ke cikin ƙunci, daga baya suka ƙara wata a kan cin hanci da rashawa, ana karanta su a coci-coci.

Gwamnati ma ta san da wannan al'ada. Idan bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba ya zo, ko ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu, akan yi addu'a a Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, a yi ta Kirista ranar Lahadi a babbar majami'ar ƙasa da ke Abuja.

Gaskiya ne akwai faston da kan wuce gona da iri ya tallata ɗan takara a kan mumbari, kamar yadda ake samu a kowane ɓangare. Amma wannan halin mutum ɗaya ne. Don haka in ka ji an kira sunan shugaba a cocin unguwarku, kada ka yi saurin tura murya a WhatsApp cewa ana shirya wani abu. Tambayi maƙwabcinka tukuna, ko ka kai maganar wurin Sarkin Hausawa. Jita-jita ɗaya kan ƙone kasuwa guda, kuma mun san wanda ke fara asara.