Bakin Teku Kafin Mu Fara Zuwa Shan Iska

Kowace shekara, bayan an sauko daga Idi da kwana ɗaya ko biyu, samarin zangunanmu su kan haɗa kuɗi su ɗauki mota, waɗansu su nufi Labadi, waɗansu Ada, masu ɗan ƙarfin aljihu kuwa sai Kef Kos da Elmina. A ci shinkafa a kan rairayi, a buga ƙwallo, a ɗauki hoto, da magariba a komo gida. Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan, gani ya kori ji. Sai dai in ka tare ɗayansu ka ce, “Wane, wurin nan da kuka je, me ya taɓa faruwa a cikinsa?” sai ya yi ta susar ƙeya. Alhali kuwa da wuya ka sami wuri guda cikin wuraren nan wanda mutanen Arewa ba su taka ba tun kafin a haifi kakanninmu, waɗansu da igiya a wuya, waɗansu da bindiga a kafaɗa, waɗansu da huhun goro a ka.

Gaɓar tekun Ghana ta kai wajen mil 340 daga iyakar Kwaddibuwa zuwa ta Togo, kuma abin da ya fara jawo Turawa gare ta zinariya ce. Mutanen Fotugal suka gina babban gidan dutsen nan na Elmina a 1482. Mutanen Holanda suka ƙwace shi a 1637, suka riƙe shi har 1872, sa'an nan suka bar wa Ingilishi. Na Kef Kos kuwa mutanen Suwidin suka fara shi a 1653, ba da daɗewa ba ya faɗa hannun Ingilishi, daga nan su ke mulkin ƙasar har 1877 da aka mai da gwamnati Ankara. Ɗakunan ƙasa da aka fara ginawa don ajiye haja, da ciniki ya juya, mutane aka riƙa zubawa a ciki.

To, su wa aka zuba? Da yawansu mutanen kurmi ne da aka kamo wajen yaƙi, amma akwai 'yan Arewa masu ɗimbin yawa. Tun cikin ƙarni na 18 Asante, waɗanda dattawanmu ke kira Tonawa, suka rinjayi Gonja da Dagomba, suka aza musu gandu, har da na bayi. Bawan da ya fito daga Arewa, Tonawa na ce masa donko. Wanda ya bi hanyar Kumashi zuwa Kef Kos zai wuce wani gari, Asin Manso, inda akwai rafin da har yau a ke kira Donko Nsuo, watau ruwan bayi. Nan a ke tsai da ayari a yi musu wankan ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani a idon mai saye. A 1998 aka kawo ƙasusuwan mutum biyu daga jikokin waɗanda aka tafi da su, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Kada kuma mu ɓoye wa yara sauran maganar: a kasuwar Salaga, inda fatakenmu ke sayen goro, bayi na cikin hajar da a ke ciniki, kuma akwai namu cikin masu sayarwa kamar yadda akwai namu cikin waɗanda aka sayar.

Ingilishi sun hana wannan ciniki a 1807, amma Holanda ta sami wata dabara. Daga 1831 zuwa 1872 ta ɗauki sojoji sama da 3,000 daga Elmina zuwa tsibirin Jawa, can ƙasar da a ke kira Indunusiya yanzu. A 1837 ta ƙulla alkawari da Sarkin Asante Kwaku Duwa na Ɗaya don ya riƙa ba ta mutane, mafi yawansu kuwa bayin Arewa ne da aka fansa a Kumashi, a kan za a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsu. Waɗanda suka tsira suka komo, aka ba su fili a kan wani tudu a Elmina, shi ne a ke kira Tudun Jawa. Masu zuwa kallo su kan shige shi ba su ko waiwaya ba.

Kimanin mil 20 arewa da Kef Kos akwai gandun dajin Kakum. An keɓe shi tun 1931 don tsare ruwan da garin ke sha, aka mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1992, a 1995 kuma aka ɗaura gadojin igiya 7 daga wannan itace zuwa wancan, sama da ƙafa 100 daga ƙasa. Akwai giwayen kurmi a ciki, da birai iri iri, da tsuntsaye, ko da ya ke mai zuwa da rana cikin hayaniyar samari da wuya ya ga ko wutsiyar giwa. Abin da mu ke so mai hawa gadar ya yi shi ne ya duba ƙasa, ya ga yadda itatuwa suka haɗe har ba a ganin turɓaya. Irin wannan kurmi ne dā ya shimfiɗu tun daga nan har bayan Kumashi, a cikinsa goro ke fita, kuma shi ne ya raba kakanninmu da teku. Ba duhun daji kaɗai ya tsare su ba. Sarakunan Asante ba su yarda fataken Hausa su zarce kudu su sayi goro a gindinsa ba, sai dai su tsaya a Salaga a kawo musu. Madugu ya kan yi wata uku a hanya daga Kano, ya yi shekara talatin yana fataucin Gonja, ya mutu bai taɓa ganin ruwan gishiri ba.

Yaƙin 1873 zuwa 1874 shi ya karya wannan ƙofa. Ingilishi suka shiga Kumashi suka sa mata wuta a watan Fabrairu 1874, ƙasashen Arewa suka fita daga hannun Asante. A cikin yaƙin nan akwai wani Kyaftin Gulba, wanda tun 1863 ya tara waɗansu 'yan Arewa a Ikko, yawancinsu bayin da suka gudu, ya koya musu harbi. Da su ya biyo ta bakin kogin Bolta ya ɓullo wa Kumashi ta gabas. A 1879 aka kafa rundunar da kowa ke kira Dakarun Hausa, ko da ya ke a cikinta akwai Gurunsi da Mosi da Barebari da Yarabawa, harshen bariki ne kawai Hausa. Wanda ya gama aikinsa ya kan kafa bukka kusa da bariki, fatake su sauka wurinsa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai malamai da attajirai suka bazu, waɗansu Kete Karachi, waɗansu Kintampo, waɗansu har Ankara, goro kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bayan jaki. Asalin yawancin zangunan bakin teku ke nan, tun daga Kotokuraba ta Kef Kos har Sabon Zango na Malam Bako a Ankara.

Akwai wurin da sunan nan na Dakarun Hausa ba ya da daɗin ji, ya kamata samari su sani kafin su je. In ka bar Tema ka nufi Akosombo za ka ga duwatsun Shai, inda bika ke fitowa bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba. Gandun namun daji ne tun 1971, akwai bareyi da kogunan dutse cike da jemagu. Amma dā gari ne. Mutanen Shai a kan duwatsun nan su ke zaune, kamar yadda maƙwabtansu Kurobo ke da babban garinsu a kan Dutsen Kurobo, nan su ke binne matattunsu, nan su ke bukin balagar 'yan matansu. A 1892 Gwamna Girifis ya zarge su da kashe mutane don tsafi, ya ba da umurni a sauko da su, kuma sojan da aka tura Dutsen Kurobo suka kori mutane suka rushe ɗakuna, Dakarun Hausa ne. A shekarar nan aka yi wa Shai haka. Har yanzu Kurobo na Yilo na yin buki kowace shekara don tuna saukowar. Saboda haka wanda ya ga tsohon dutsen niƙa ko fasasshiyar tukunya a kan hanyar hawa, ya bar ta inda ya gan ta, tana da masu ita.

Ada kuwa, inda Bolta ke shiga teku, ba mu san wurin da ya fi ta kyau ba a duk gaɓar: kogi a hannun hagu, teku a hannun dama, itatuwan kwakwa a tsakani, kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai. Arzikinta na dā gishiri ne daga tafkin Songo. A kan loda shi cikin kwalekwale a yi ta tuƙi sama har Kete Karachi, inda Kete ita ce zango, Karachi garin 'yan ƙasa, nan fatakenmu ke karɓa su yi Arewa da shi. Nan kuma Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna bayan watsewar Salaga har ya rasu a 1934.

Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ƙasa ta sami lantarki, amma tafkin da ya taru ya haɗiye tsohuwar Kete Karachi, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Ɓarnar ba ta tsaya a can sama ba. Yashin da kogin ke kawowa bakin teku kowace damina sai ya riƙa kwantawa a bayan madatsa. Dā ma teku ta daɗe tana cin Keta, da yashi ya yanke sai ta ƙara gaggawa. Gidan dutsen da mutanen Danmak suka gina a Keta a 1784, igiyar ruwa ta cinye babban sashensa a 1980, wanda suka gina a Ada kuwa ya riga ya tafi. An jibge manyan duwatsu a farkon shekarun 2000 don tsare garin, duk da haka a watan Nuwamba 2021 ruwa ya sake hawa ya kori dubban mutane daga ƙauyukan gefen. Mu faɗa wa yara kuma, tekun nan ba kududdufi ba ce, tana da ja daga ƙasa. In masunta suka ce kada a shiga, kada a shiga.

Mafaɗar ruwa babu ita a bakin tekun kansa, gama ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai an hau duwatsun da suka taso daga bayan Ankara suka miƙe zuwa Togo. Ta Boti, kusa da Koforiduwa, a ƙasar Kurobon nan da aka sauko da su ta ke. Ruwa biyu ne gefe da gefe, 'yan ƙasa na ce wa babban namiji, ƙaramin mace, a kan sauka matakala wajen 250 kafin a iske su. Da rani su kan ƙafe, mai son gani ya je tsakanin Yuni da Agusta. Wadda ta fi kowace tsawo ita ce Wili, kusa da Hohoi a kan iyakar Togo, ruwan na faɗowa daga sama da ƙafa 250, jemagu dubu dubbai na maƙale a jikin dutsen. Yankin nan a hannun Jamus ya ke har 1914, tare da Kete Karachi, kuma sai da aka jefa ƙuri'a a 1956 ya shigo Ghana. Daga ƙauyen zuwa gindin ruwan tafiyar ƙasa ce ta kusan sa'a guda, ana ƙetare rafi sau da dama a kan 'yan gadoji, don haka dattijon da zai je ya tafi da sandarsa.