Daga Mazarƙwaila Zuwa Alewar Leda: Tarihin Zaƙi a Bukukuwanmu

Da zarar damina ta ɗauke, aka shiga roron wake da yankan dawa a Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, sai bukukuwa su kankama. Kaka ce lokacin da manomi ke da abin hannu: a ɗaura aure, a kai amarya, a bi ta da gara. Mu da ke bayar da magani a asibiti kuwa, da wata alamar muke gane zuwan wannan lokaci, wato yaran da ake kawowa da kumburarren kumatu saboda ciwon haƙori, da dattawa masu ciwon sukari waɗanda awonsu ya hau bayan mako guda na shagali.

Kakanninmu ba su ƙi zaƙi ba. Suna da zuma daga amya, da rake daga fadama, da dabinon da fatake ke kawowa daga arewa, da mazarƙwaila wadda ake dafawa daga ruwan rake, musamman a ƙasar Zazzau irin su Maƙarfi. Da waɗannan ake yin nakiya da alkaki da alewa. Sai dai kowannensu da wahalarsa. Kafin a ga nakiya a faranti, sai mata sun wuni suna dakan shinkafa. Alkaki kuma sai an ɓarza alkama, an kwaɓa, an bar shi ya tashi, an soya, sannan a tsoma a zuma. Wannan wahala ce ta tsare musu ƙa'ida ba tare da likita ya faɗa ba. Abin da sai an yi gayya ake samu, ba a cin sa kullum.

Farin sukari baƙo ne, sunansa ma daga Larabci muka aro. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa sukari cikin hajar Turai da raƙuma ke ketaro Sahara da ita, tare da alharini da takarda da allura. Kayan da ya sha irin wannan tafiya sai gidan sarauta da na attajirai. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa shigo da kaya daga Legas, sukari ya fara shiga kasuwannin ƙauye, shan shayi ya bi bayansa. A shekarun 1960 aka fara sarrafa shi a Bacita da ke jihar Kwara ta yanzu, daga baya aka kafa kamfanin Savannah a Numan, sannan matatar Dangote ta buɗe a Apapa a 2000. Yau yaro na iya sayen alewa da 'yan canjin da aka ba shi ba tare da ya bar layinsu ba. Kyautar da har yanzu muke kira goron Sallah ta koma alewa da biskit da lemon kwalba.

Ba mu kaɗai wannan sauyi ya sama ba. A Amurka akwai bikin Halloween na ranar 31 ga Oktoba, a tsakiyar tasu kakar, inda yara ke shigar ban dariya ko ta ban tsoro suna bi gida-gida, kusan yadda namu ke yin tashe da azumi. Da farko gyaɗa da 'ya'yan itace da 'yan kwabbai ake ba su. Bayan an janye taƙaita sayen sukari na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a 1947, kamfanoni suka cika kasuwa da alewar da aka naɗe ɗaiɗai, har ta zama ita ce bikin.

A daidai waɗannan shekaru aka gano yadda zaƙi ke cin haƙori. Daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, an yi wani gwaji a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin a kan masu taɓin hankali, ba da yardarsu ba, abin da a yau ake ɗauka zalunci. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda aka ba sukari tare da abinci ba su sami ruɓewar haƙori sosai ba, amma waɗanda aka bari suna tsotsar alewa mai danƙo tsakanin abinci haƙoransu sun lalace ƙwarai. Dalili shi ne, duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cuta na mayar da shi tsami mai zaizaye haƙori, kuma yawu na bukatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya gyara bakin. Yaron da ya sha alewa biyar ɗaya bayan ɗaya daga hantsi zuwa magariba ya fi cutuwa a kan wanda ya sha su lokaci guda bayan tuwo.

Game da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babba, wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Na yaro bai kai nan ba. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 na ɗauke da kusan cokali 9. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, haka mazarƙwaila, don kada a ce na gargajiya ba ya illa.

Darasin wannan tarihi shi ne mu mayar wa zaƙi da lokacinsa. Uwa ta tabbata yara sun ci abinci sun ƙoshi kafin su fita yawon Sallah ko gidan biki. In sun dawo, ta karɓi abin da suka samo ta adana, ta riƙa ba su ɗaya ko biyu bayan cin abinci, su bi da ruwa. A goge baki da man goge haƙori kafin barci. Mai ba da kyauta ya haɗa da dafaffiyar gyaɗa ko aya ko gwaiba ko lemon zaƙi ga yaran da suka tasa. Kada a ba ƙaramin yaro da bai kai shekara biyar ba alewa mai tauri ko ƙwayar gyaɗa, don tana iya shaƙe shi. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Ga iyayenmu masu ciwon sukari, na sha jin wanda ya ninka ƙwayar maganinsa da safe don ya ci alkaki da rana, ko ya ƙi karin kumallo don ya bar wa abincin biki wuri. Dukansu na iya sa sukarin jini ya faɗi warwas, musamman ga mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin. A sha magani yadda likita ya tsara, a ci abinci a kan lokaci, a ɗanɗana ɗan guntu a bar saura. In aka ji rawar jiki da gumi da jiri, a nan ne alewa ke zama magani: a sha cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake garzayawa da shi.

Allah ya sa mu ga kakar baɗi da lafiya, mu da iyalanmu.