Séamus Ennis: Mabushin Da Ya Hana Algaitar Ayalan Mutuwa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 ba zai manta da wata busa mai sanyi, mai kama da kuka, da ke tashi a wuraren ban tausayi ba. Da yawa daga cikin 'yan kallo sun ɗauka sarewa ce kawai. To, ban da sarewar, akwai wani abin busa na ƙasar Ayalan da su ke kira uilleann, wanda za mu iya ce wa algaitar jaka. Shi ne kuma aka ji a Braveheart na 1995. Abin mamaki, shekara talatin kacal kafin waɗannan finafinai, saura ƙiris wannan busa ta ɓace daga duniya.

Mai karatu zai so ya san yadda abin ya ke. Mai algaitarmu ya na tara iska a kumatunsa don kada sauti ya yanke. Su kuwa a jakar fata su ke tara ta, a maƙale a hammata. Ba a hura ta da baki kamar ta Sikotlan da sojoji ke fareti da ita. Wani ɗan zugazugi ne irin na maƙera a ke ɗaurawa a gwiwar hannu, a na matsa shi, daga nan ma sunan ya samo asali, domin kalmar ta fito ne daga "gwiwar hannu" a harshensu. A zaune a ke busa ta, yatsu da wuyan hannu da gwiwa duk su na aiki a lokaci guda.

An haifi Séamus Ennis a 1919 a Finglas, kusa da birnin Dublin. Gado ya yi, domin mahaifinsa James gwanin busa ne, kuma shi ya fara koya masa ya na ɗan shekara 13. Algaitar da ya rayu da ita ma ta mahaifin ce, tsohuwar ƙira ta ƙarni na 19.

A 1942 hukumar tattara al'adun gargajiya ta Ayalan ta ɗauke shi aiki ya na da shekara 23. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, mai ya yi wuya, saboda haka keke aka haɗa shi da shi. Da keke da alƙalami da takarda ya riƙa bin ƙauyukan yammacin ƙasar, musamman Connemara da Donegal, ya na zama da masunta da manoma da tsofaffin mata. A rera masa waƙa, shi kuma ya rubuta kalmomin da karin sautin a take. A wurin mutum ɗaya kawai, Colm Ó Caodháin, ya kwashi waƙoƙi da kiɗe-kiɗe sama da 200. Sirrinsa shi ne ba a matsayin ma'aikacin gwamnati ya ke zuwa ba. Ya iya harshen mutanen, ya iya waƙa, ya iya labari, in an ba shi ɗaya sai ya rama da ɗaya.

Bayan shekara biyar ya koma gidan rediyon ƙasar a 1947, sannan ya tafi Landan a 1951 ya yi wa BBC irin wannan aiki. A 1958 ya dawo gida.

Amma fa adana waƙa a takarda daban, samun mai busa ta daban. Zuwa 1968 masu busa wannan algaita ba su kai ɗari ba, masu ƙera ta kuwa 'yan ƙalilan ne. A shekarar ne mabusan su ka kafa ƙungiyarsu, Na Píobairí Uilleann, Ennis na cikin iyayenta. Ya kuma jawo wani matashi, Liam O'Flynn, har su ka zauna gida ɗaya a Dublin, ya na ɗura masa abin da ya kwaso daga tsofaffi. O'Flynn ne ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta Planxty a 1972, ya kai busar kunnen samarin da a da su ke mata kallon kayan ƙauye.

Ennis bai tara abin duniya ba. A wani ɗan gidan tafi-da-gidanka ya ƙarasa rayuwarsa a ƙauyen Naul, inda ya rasu a watan Oktoba na 1982. Ya bar wasiyyar a ba O'Flynn algaitarsa, maimakon a kulle ta a gidan tarihi. A 2017 hukumar UNESCO ta saka wannan busa cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma yau masu busa ta sun kai dubbai a ƙasashe da dama.