Manjo Dauda Malam Wanke da Mulkin Riƙon Ƙwarya na 1999 a Jamhuriyar Nijar

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce mutum yana riƙon ƙwarya, yana nufin abin da ke hannunsa ba nasa ba ne, ajiya ce da zai miƙa idan mai ita ya zo. Daga nan ne kalmar ta shiga harshen siyasa, inda take nufin gwamnatin wucin gadi. Wannan takarda za ta dubi rayuwar siyasar Manjo Dauda Malam Wanke, wanda ya riƙe Nijar daga watan Afrilu zuwa Disamba na 1999. Wanke ɗan Yelu ne, a yankin Gaya na ƙasar Dandi. Mutanen Madekali da Malanbil, a ɓangaren Benin, kogin Kwara ne kawai ya raba su da yankin da ya fito, kuma kasuwa da auratayya sun daɗe da haɗa su.

2.0 Yanayin da Ya Haifar da Juyin Mulki

A 1993 ne Mahamman Usman ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Bayan zaɓen majalisa na 1995, 'yan hamayya suka sami rinjaye, dole ya naɗa Hama Amadu firaminista. Zaman nasu ya zama na doya da manja, har aikin gwamnati ya tsaya cik. Da wannan hujja ce Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnatin a ranar 27 ga Janairu, 1996.

Ba'are ya yi alƙawarin mayar da mulki ga farar hula, sai dai shi da kansa ya tsaya takara a Yulin 1996. Ana cikin ƙidayar ƙuri'a ya rushe hukumar zaɓe, ya naɗa wata, ita kuwa ta ce shi ya ci. Daga nan ƙasar ba ta sake samun natsuwa ba: ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni, ana yajin aiki, sojoji suna bore a bariki. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙara dagula lamarin, domin an soke sakamako a wurare da dama da 'yan hamayya suke ganin sun yi nasara.

3.0 Hawansa Mulki

A ranar Juma'a, 9 ga Afrilu, 1999, aka harbe Ba'are a filin jirgin saman Yamai, yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Dakarun tsaron fadarsa ne suka buɗe masa wuta, shugabansu kuwa a lokacin shi ne Wanke. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya shaida wa 'yan ƙasa cewa wai mummunan haɗari ne ya auku. Kwana biyu bayan haka sojoji suka kafa Majalisar Sasanta Ƙasa, suka ɗora Wanke a kanta, shi kuma ya ɗibar wa kansa wata tara. Faransa ta dakatar da taimakonta, abin da ya ƙara wa baitulmali rauni.

4.0 Yadda Ya Miƙa Mulki

A ranar 18 ga Yuli, 1999, jama'a suka amince da sabon tsarin mulki ta ƙuri'ar raba gardama, aka kafa Jamhuriya ta Biyar. An yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 17 ga Oktoba, na biyu kuma ranar 24 ga Nuwamba. Tanja Mamadu na jam'iyyar MNSD ya kayar da Mahamadu Isufu na PNDS da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wanke bai shiga takara ba, ya kuma sauka ranar 22 ga Disamba. A shekarar nan ce Janar Abdussalami Abubakar ya miƙa wa Obasanjo mulki a Nijeriya, ranar 29 ga Mayu.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Tsarin mulkin ya ƙunshi afuwa ga duk waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999. Wannan ya rufe ƙofar shari'a a kan kisan Ba'are a kotunan Nijar. Wanke ya rasu a Yamai ranar 15 ga Satumba, 2004, bayan jinya, ba tare da ya taɓa gurfana gaban alƙali ba. Sai a 2015 kotun ƙungiyar ECOWAS ta umarci gwamnatin Nijar ta biya iyalan Ba'are diyya.

5.0 Kammalawa

Wanke ya cika alƙawarin da Ba'are ya saɓa, wannan babu musu. Haka kuma babu musu a kan cewa ta hanyar jini ƙwaryar ta shigo hannunsa, kuma sai da ya tabbatar babu mai tuhumarsa kafin ya miƙa ta. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ba a kashe macijin an sare kansa ba. A 2010 Salu Jibo ya kifar da Tanja saboda tazarce, ya miƙa wa Isufu mulki a 2011. A ranar 26 ga Yuli, 2023, wani shugaban dakarun fadar, Janar Abdurrahman Ciyani, ya tsare Muhammad Bazum, kuma a 2025 aka rantsar da shi a kan wa'adin shekara biyar. Rufe gadar Malanbil zuwa Gaya da ya biyo bayan juyin mulkin 2023 ya sa manoma da fatake na Madekali da kewaye suka koma dogaro da kwalekwale wajen tsallaka kaya. Ya kamata ɗalibi ya auna waɗannan jami'ai da ma'auni biyu: ta yaya mutum ya karɓi ƙwaryar, kuma yaushe ya mayar da ita.