Ƙwayoyin cutar da ba su jin magani: matakan kariya a asibiti

Mutum na iya ɗauke da ƙwayar bakteriya mai bijire wa magungunan antibiyotik a hanjinsa ko a fatarsa, ba zazzaɓi ba ciwo. Matsalar tana tashi ne idan ƙwayar ta shiga jini, mafitsara ko raunin tiyata, ko ta koma jikin wani majinyaci mai rauni. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne abin ya fi tsanani.

A Nijar ma an auna. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara 55 masu tamowa a cibiyar MSF ta Maradi ya gano kashi 31 cikin 100 sun iso da ƙwayar a hanjinsu. Cikin waɗanda suka zo ba su da ita kuma aka sake gwadawa, kashi 94 cikin 100 sun fita da ita. Wato a ɗakin jinya suka ɗauka.

Hannu ne babbar hanyarta. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a tsabtace shi kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa shi ko gadonsa: daƙiƙa 20 zuwa 30 da ruwan alkol na goge hannu, ko 40 zuwa 60 da sabulu. Mai ɗauke da ƙwayar ana keɓe masa ɗaki, in babu a haɗa shi da masu irin ƙwayarsa. Ma'aikaci yana sa safar hannu da rigar kariya, ya cire su kafin ya matsa gado na gaba. Ma'aunin zafin jiki ba ya yawo tsakanin gadaje, robar fitsari kuma ana cire ta da zarar amfaninta ya ƙare.

Sai dai a asibitocinmu dangi ne ke wanke majinyaci, su zubar da fo, su ba shi fura, don haka dokar hannu ta hau kansu kamar yadda ta hau kan likita. Buta ɗaya da ke zagaya gadaje tana iya rushe aikin duka.

Majinyacin da aka tura daga Bonkuku, a Imanan, zuwa asibitin Filinge ko Yamai, in gwaji ya nuna yana da ƙwayar, a rubuta a takardarsa, domin tana iya zama a hanji watanni bayan sallama.