Zobo, Goro da Hasken Rana: Tarihin Wani Bege

A Kanvili, cikin Tamale, rana takan yi ƙuna ƙwarai a watan Maris. Manomi da mai tsintar kaɗanya sukan yini a ƙarƙashinta, idanunsu kuwa suna shan wani ɓoyayyen haske mai ƙuna wanda mutum ba ya gani. Madubin cikin ido yakan tare yawancinsa, shi ya sa daɗewa a rana ke cikin abubuwan da ke jawo yanar ido. Kaɗan ne ke kaiwa ga tantanin gani da ke can bayan ido.

A shekarar 1936 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya sami wasu sinadarai a cikin lemun tsami, ya sa musu suna bitamin P. A 1950 aka bar wannan suna, gama ba a tabbatar bitamin ba ne. Suna cikin dangin da ake kira folifenol. Akwai irinsu a zobo, da ganyen shayi, da goron da fataken Hausawa suka riƙa ɗauka daga Salaga zuwa Kano a ƙarni na 19.

A 1966 Werner Noell ya nuna a Amurka cewa haske yana iya lalata tantanin gani na ɓera. Daga baya masana suka reni ƙwayoyin wannan tantani a cikin kwanon gwaji, suka haska musu hasken nan mai ƙuna, suka ga wasu folifenol suna rage kumburi. Amma kwanon gwaji dabam, idon mutum dabam. Har yanzu ba a tabbatar cewa shan zobo yana tsare tantanin gani ba.

Wannan ya shafe mu, 'yan'uwa. Mutane da yawa sun makance don an ɗiga musu ruwan ganye a ido, alhali ciwonsu mai warkewa ne. Tun 1943 mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a Kano, a Tamale ma akwai babban asibitin koyarwa. Allah ne ya halicci ganye, shi ne kuma ya ba likita sani. Mu sha zobonmu da godiya, mu sa malafa in za mu gona. In gani ya soma dushewa, mu tafi asibiti tun da wuri, kada mu jira sai an ja mu da sanda.