Attajirai a fina-finai da talabijin na Amurka

Yadda fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Amurka ke nuna attajirai ya sauya sau da dama, kuma galibi sauyin yana bin halin da tattalin arzikin ƙasar ke ciki ne.

Kafin 1980

A shekarar 1941 Orson Welles ya fitar da Citizen Kane, labarin wani mai gidajen jaridu da ya tara dukiya amma ya mutu cikin kaɗaici a katafaren gidansa. An yi ittifaƙi cewa da William Randolph Hearst ake, shi ya sa jaridun Hearst suka ƙi tallata fim ɗin.

Shekarun 1980

A wannan zamani ne dukiya ta zama abin kallo ita kanta. A mulkin Ronald Reagan, harajin da ake yanka wa masu samun kuɗi mafi yawa ya sauko daga kashi 70 cikin 100 zuwa kashi 28, kuma a 1982 mujallar Forbes ta fara buga jerin attajiran Amurka 400. Shirin Dallas, wanda CBS ta nuna daga 1978 zuwa 1991, ya ƙunshi rigingimun iyalan Ewing, masu rijiyoyin man fetur a Texas. J.R. Ewing maci amana ne, amma shi 'yan kallo suka fi so. Mutane fiye da miliyan 80 ne suka kalli kashin da aka bayyana wanda ya harbe shi, a watan Nuwamba na 1980. Shirin Lifestyles of the Rich and Famous da ya fara a 1984 ko labari bai damu da shi ba, gidaje da jiragen ruwa kawai yake nunawa.

Fim ɗin Wall Street na Oliver Stone ya fito a 1987 da nufin jan kunne. Abin mamaki, matasa da dama masu shiga harkar hannun jari sun ɗauki Gordon Gekko, mugun fim ɗin, a matsayin abin koyi.

Bayan 2008

Durƙushewar bankuna a 2008 da zanga-zangar Occupy Wall Street ta 2011, wadda ta yaɗa maganar "kashi 1 cikin 100", sun ƙara kaifin suka. A shirin Succession na HBO, daga 2018 zuwa 2023, 'ya'yan Logan Roy suna kokawa kan gadon kamfanin yaɗa labarai na mahaifinsu, kuma ana yawan kwatanta su da iyalan Rupert Murdoch. An nuna su a matsayin mutanen da kuɗi ya hana sukuni, ba kuma wanda ya cancanci kujerar a cikinsu. Sau uku shirin ya lashe kyautar Emmy ta wasan kwaikwayo mafi kyau. Duk da wannan ba'a, tufafin da suke sakawa, masu tsada amma marasa tambari, sun zama abin yayi a 2023.